Hawan kwalekwale zuwa tsibirin tsuntsaye a Langue de Barbarie, Senegal

Jama'a duk wanda hanya ta kai shi Saint-Louis ya daure ya gangara kudu wajen Gandiol ya hau kwalekwalen nan da suke kai mutane kallon tsuntsaye, wallahi kuɗinka ba zai tafi a banza ba. Wurin wani siririn tudun yashi ne tsakanin kogin Senegal da teku, an mai da shi gandun ƙasa tun 1976, a cikin ruwan kuma akwai ɗan tsibiri inda dubban tsuntsayen teku suke saka ƙwai, wasu masu jan baki kato, wasu kansu toka-toka, ga kwasa-kwasa suna shawagi gefe.

Abin da ya fi burge ni shi ne mai yi mana jagora, ɗan ƙauyen wajen ne. Wani a cikinmu ya matsa sai an sauke shi ya ɗau hoto, har da cewa zai ƙara kuɗi, mutumin nan ya ce sam, ya rage injin muka zagaya daga nesa, ya yi mana bayani cewa tsuntsayen ba sa sheƙa a bishiya, ɗan rami kawai suke yi a yashi su saka ƙwai kuma launin ƙwan ya saje da ƙasa, to ka ga mutum zai taka bai sani ba, in kuma iyayen suka tashi don tsoro rana ta dafa ƙwan ko wasu tsuntsayen su shanye. Ni dai a nan ya gama saye ni.

Ya kuma nuna mana ɓarnar da aka yi a 2003, lokacin da aka yanka tudun don ambaliya kar ta cinye birnin Saint-Louis, hanyar ruwa ce ta mita 4 kacal amma teku ta yi ta cin ta har ta kai kilomitoci, ƙauyen Doun Baba Dièye ma ruwa ya tashe shi. Abin ya taɓa ni sosai, yashin da tsuntsayen suka dogara da shi kullum raguwa yake.

Inda suka gaza, kwalekwalen da muka samu babu rumfa kuma rigunan kariya sun tsufa, jagoran kuma Faransanci da Wolof kawai yake ji. Ku je da sassafe, ku riƙe hula da ruwan sha da madubin hangen nesa, don ba za a matsa da ku kusa ba, kuma don Allah kar ku roƙa.