Dutse ko wuƙa: wanne ya fi gyara mazaunin supap?

A garejinmu na Tawa akwai tsohon injin Sioux mai aiki da dutsen wasawa, wanda maigidana ya bar mini, akwai kuma wuƙaƙen Neway na hannu. Duka biyun aikinsu ɗaya: daidaita mazaunin supap (murfin da ke buɗe wa iska hanya yana rufewa a injin mota) a jikin kulas, wato kan injin, don iska ta daina zurarewa.

Injin dutsen nake ƙauna. Ka soka sandar jagora cikin ramin da ƙafar supap ke bi, ka ɗora dutse mai kusurwa digiri 45, ka taɓa mazaunin da shi daƙiƙa biyu ko uku. Tartsatsi ya tashi, ka ɗaga, sai ga zobe yana sheƙi kamar azurfa. Idan zoben ya yi faɗi, dutsen 30 ya rage shi ta sama, na 60 ta ƙasa. Mazauni mai tauri, irin na injin gazuwal, dutse yana cinsa ba gardama. Sai dai dutse yana cinyewa shi ma. Dole ka riƙa gyara fuskarsa da tsinken daimon, in ba haka ba kusurwar ta karkace ba ka sani ba. Ga ƙurarsa, wadda in ta saura a kulas za ta ci injin motar, don haka wanki ya zama tilas.

Wuƙar Neway ba ruwanta da lantarki, ko an ɗauke wuta aiki na tafiya. Amma tana son hannu mai natsuwa. Ka danna gefe ɗaya, ta bar maka tabo.

Ni dai Hilux ko tsohuwar 504 ta shigo, dutse nake ɗauka. Na gama, in mayar da supap, in kifa kulas, in zuba fetur in ga ko zai ɗiga.