Wasiƙa daga Pensilbeniya: ruwan pampo, kuɗin aski da ƙuri'ar makaman Yukren

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, da Inna da iyali da duk mutanen gida a Birni. Yaya zafi, yaya ƙoƙari? Mu nan alhamdu lillahi, sai aiki.

Saƙonka ya iso, har da tambayoyin da ƴan fada suka ɗora maka. Biyu suka fi tsaya mini a rai: wai da gaske ne kaya sun fi araha a Amurka, sannan wai ta yaya ƙasar da ake nuna ƴaƴanta suna kwana a titi take kwasar biliyoyi tana ba Yukren makamai? Na ga saƙon murya ba zai ɗauki amsar ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka karanta musu idan an ɗora shayi.

Bari in fara da ruwa, tunda mutumin Damagaram ne ni. Dare da rana yana zuwa, ga mai sanyi ga mai zafi, har hawa na uku inda nake. Ba layin bidon, ba jiran garuwa, ba tashin tsakar dare a tari ɗan abin da pampo zai sako kamar yadda muke yi cikin Afrilu da Mayu. Wuta ma haka take, in ka ga ta ɗauke to iska ce ko ƙanƙara ta katse waya, kuma ba ta daɗewa. Sai dai kowane ƙarshen wata takardar kuɗi tana zuwa, ba a ɗaga wa kowa ƙafa, kuma a lokacin sanyi kuɗin ɗumama ɗaki kaɗai ya isa ya sa mutum yin shiru.

Abinci kuwa, duk abin da inji ya yi yana da sauƙi. Kaji masu ƙanƙara, madara, shinkafa, taliya, mai, aikin awa ɗaya yana saya maka abin da za ka ci yini biyu. Amma kazar ba ta da ɗanɗanon tamu, sai ka cika mata yaji. Naman rago na halal sai ka je shagon Larabawa ko na ƴan Pakistan, kuma da tsada. Gero shi ne abin mamaki: a manyan kantuna an fi samun sa a ɓangaren abincin tsuntsaye. Wanda mutum zai ci sai a shagunan ƴan Afirka ko na Indiyawa, cikin ƴar leda, kuɗinta ya kai na tiya biyu ko uku a Kasuwar Dole. Kilishi kuma kada wanda ya yi wahalar aiko mini, ƴan duwan ba sa barin nama ya shigo.

Inda tsadar take shi ne duk abin da hannun mutum zai yi maka. Aski dalar Amurka 25 zuwa 30 ne a unguwarmu, wato wajen jika 15 zuwa 18, abin da a gida za ka ba da jika ɗaya a maido maka canji. Makaniki da awa yake lissafi, ko ya gano matsalar ko bai gano ba. Ɗinkin wando da ya yage ya kusa kuɗin sabo, shi ya sa ake zubarwa. Asibiti ne ya fi ban tsoro. Kayan aiki akwai, tsabta akwai, likitoci ƙwararru, amma wanda ba shi da inshora yana jin tsoron motar asibiti fiye da ciwon da ke damun sa, don ɗaukarsa kawai na iya cin albashin wata. Kuma ba maƙwabcin da zai shigo da kwanon fura ya ce sannu. Wannan babu shi a kanti, kuma mu muke da shi.

Wani abu da ya kamata ƴan fada su gane kafin mu shiga maganar yaƙi: a nan komai a rubuce yake. Ba ciniki, ba albarka, kuɗin kowane kaya na manne a jikinsa. Takardar albashi ma haka. Duk sati biyu ina ganin abin da na yi aiki, sannan layi-layi abin da aka cire: ga na gwamnatin tarayya, ga na jiha, ga na gari, ga na fansho da lafiyar tsofaffi. Kafin kuɗin su taɓa hannuna an riga an zare haraji. Wanda yake ganin haka sau biyu a wata ba ya ɗaukar kuɗin gwamnati a matsayin na wasu. Nasa ne, kuma yana son jin inda suka tafi.

To daga nan maganar Yukren ta taso. Rasha ta afka mata ranar 24 ga Fabrairun 2022. Mu ma nan mun ji a jikinmu, don a watan Yunin shekarar galan ɗin esansi, wanda bai cika lita huɗu ba, ya haura dala 5, kuma hauhawar farashi ta kai kashi 9 cikin ɗari. Ku ma kun ji a kuɗin burodi da mai da takin zamani, tunda ƙasashen biyu manyan masu fitar da alkama ne. Abin da mutane da yawa a gida ba su sani ba shi ne shugaban Amurka, duk ƙarfinsa, ba ya buɗe baitulmali da kansa. Tsarin mulkinsu ya danƙa makullin a hannun majalisa: ta wakilai mai kujeru 435 da ake zaɓa duk shekara biyu, da ta dattawa mai 100. A 2022 sun amince sau huɗu, mafi girma a ciki dala biliyan 40 a watan Mayu da kusan 45 a Disamba. Lokacin ba a sha wata gardama ba.

Na biyar ɗin ne ya zama aiki. Shugaban ƙasa na lokacin, Joe Biden, ya nema a Oktoban 2023, aka yi wata shida ana ja. Ƴan Rifablikan da yawa suka ce ba za su ba da ko sisi ba sai an fara tsare iyakarsu da Meziko, kuma shugaban majalisar wakilai, Mike Johnson, shi ma ɗan Rifablikan, ya ƙi kawo maganar a kaɗa mata ƙuri'a. Ana cikin wannan jan ƙafa harsasan igwa suka yi wa sojojin Yukren ƙaranci, garin Avdiivka ya faɗa hannun Rasha a Fabrairun 2024.

A ɗakin ajiyar kaya inda nake aiki akwai wata dattijuwa ƴar Yukren, don jihar nan ta Pensilbeniya tana da su da yawa tun kakanni. Ɗan ƙanwarta yana bakin daga. Kullum aka tashi hutun rana, kafin ta buɗe kwanon abincinta sai ta fiddo wata ƴar takarda da ta naɗe a aljihu, ta buga lambar ofishin depitenmu, wato ɗan majalisar wakilai na yankinmu. Ina zaune kusa da ita ina ji. Ta faɗi sunanta, ta faɗi unguwarta, ta ce tana roƙon ya goyi bayan a kawo dokar a zauren majalisa. Wani yaro ma'aikaci a can ya rubuta, ya yi mata godiya. Duka bai fi minti biyu ba. Ta ajiye waya, ta share ido da bakin rigarta, ta ci abinci. A tebur ɗaya kuma akwai wani Bature mai tuƙa injin ɗaga kaya, shi ma yana kiran lambar nan, amma don ya ce kada a ba da. Hujjarsa ita ce kuɗin hayarsa ya tashi, mahaifiyarsa na raba ƙwayar magani biyu don ta kai mata wata, to don me za a kai kuɗinsa wata nahiya? Ban taɓa ganin sun yi faɗa ba. Kuma wallahi, Yaya, dukansu biyu na ji tausayinsu.

Ofishin nan ba don ƙuri'a kaɗai yake ba. Kowane depite yana da ofis a mazaɓarsa da ma'aikatan da aikinsu ke nan su saurari mutane. Ko ba ka da ikon zaɓe, in dai kana zaune a yankin, za ka iya kai kukan takardunka da suka maƙale a wata ma'aikata, su rubuta su tambaya maka. Ba a neman wanda ka sani, ba a karɓar goro. A cikin duk abubuwan da na gani a ƙasar nan, har da ruwan pampo, wannan na fi yi wa Damagaram sha'awa.

Ranar Asabar 20 ga Afrilun 2024 aka kaɗa ƙuri'ar, muna kallo kai tsaye a talabijin, lambobi na hawa a gefen allo. Aka tashi 311 sun yarda, 112 sun ƙi. Duk waɗanda suka ƙi ƴan jam'iyyar Johnson ne, kuma sun fi waɗanda suka yarda a cikinta, su 101. Wasu depitoci suka fiddo tutocin Yukren suna kaɗawa. Dattawa suka bi baya da 79 da 18, Biden ya sa hannu ranar 24. Kusan dala biliyan 61 ke nan, abin da ya ninka kasafin Nijar na shekara fiye da sau goma. Kafin dare sunan kowane depite da abin da ya zaɓa yana intanet, kowa zai duba nasa.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba. Kada ƴan fada su zaci jirgi aka cika da takardun kuɗi aka kai Kiyef, babban birnin Yukren. Kaso mai tsoka na kuɗin makaman a nan Amurka ya tsaya. Sukan ɗebi tsofaffin makamai daga rumbun soja su aika, sannan su biya masana'antunsu su ƙera sababbi a cike gurbi. A jihar nan, garin Scranton yana da masana'antar da ke ƙera kwanson harsashin igwa mai milimita 155, har shugaban Yukren Zelensky da kansa ya ziyarce ta a Satumban 2024. Ana haɗa makamin Javelin mai fasa tanka a garin Troy na Alabama, rokoki kuma a Camden ta Arkansas. Depite da yawa da suka ce to, sun san akwai albashin mutanensu a ciki. Taimako ne, amma kasuwa ce kuma, kuma ba su ɓoye ba, da hujjar ma aka yi ta lallashin masu taurin kai.

Na san a fada da yawa zuciyarsu na wajen Rasha, saboda abin da Faransa ta yi mana shekara da shekaru, kuma na san ƙasarmu ta yanke hulɗa da Yukren a Agustan 2024, bayan farmakin da aka kai wa sojojin Mali a arewacin ƙasarsu, wanda aka zargi Yukren da hannu a ciki. Ban manta ko ɗaya ba. Amma ra'ayina shi ne, ƙasar da aka keto wa iyaka da tankoki, aka rushe gidaje a kan mata da yara, ta cancanci a agaza mata, ko wane ne ya keto. Mu da muke ta maganar ƴancin kai bai kamata mu so shi ga kanmu mu ƙi shi ga wani ba. Polan da ƙananan ƙasashen da ke maƙwabtaka da Rasha sun fi kowa gaggawar ba da taimako, don sun san in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne, a ranar nan, a zauren nan, suka amince da wasu biliyoyin makamai ga Isra'ila, alhali Gaza na ƙarƙashin ruwan bamabamai. Sudan kuwa, da yunwa da yaƙi ke cinye ta tun Afrilun 2023, ba wanda ya kaɗa mata tuta. Tsarin da na yaba ba ya sa a yi adalci dole. Abin da yake yi shi ne ya hana a yi abu a ɓoye, kuma ya bar wa talaka ƙofar da zai buga. Musulmi da yawa a nan sun yi ta kiran ofisoshin nan a kan Gaza, ni ma na kira, kuma zan ci gaba.

Kada kuma mu ɗauka abin baƙo ne gare mu. Ka tuna Fabrairun 2015, da Boko Haram ta afka wa Boso da Difa? Cikin ƴan kwanaki majalisarmu ta zauna a Yamai, masu mulki da ƴan adawa baki ɗaya suka amince a tura sojojinmu cikin Najeriya. Ba su yi jan wata shida ba. Mutanen Difa kuma suka buɗe wa ƴan gudun hijira gidajensu, wasu har nan Damagaram suka iso aka sauke su. Tun Yulin 2023 ba mu da majalisar da aka zaɓa. Ba zan ce muku ta da ba ta da aibi ba, kowa ya san yadda wasu depitoci ke ɓacewa daga zaɓe sai wani zaɓen. Duk da haka, ranar da za a ɗauki ƴaƴanmu ko kuɗinmu a kai wani yaƙi, ina so ya kasance akwai wanda muka aika da zai miƙe ya ce e ko a'a da sunansa, mu kuma mu tare shi a ƙofar masallaci mu tambaye shi dalili.

Yanzu dai abubuwa sun sauya a nan. Tun da Donald Trump ya dawo a Janairun 2025, salon ya koma ƙasashen Turai su sayi makaman Amurka da kuɗinsu su miƙa wa Yukren. Dattijuwar nan har yau tana kira lokacin hutu, kuma ɗan ƙanwarta yana raye.

Batun ƙaninmu da ke son zuwa, ka ce masa ya fara ƙarasa koyon walda ko aikin wuta, don mai sana'ar hannu shi ke cin riba a nan, wanda ba shi da ita sai ɗaukar kwali. Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce mata saƙon magani zai zo ƙarshen wata in sha Allahu. A gaishe da ƴan fada duka.

Ƙaninka.