Katifar iska ta masu jinya: wata 11 da muka yi da ita a ɗakin Baba

Ranar da za a sallami Baba daga asibitin koyarwa na Shika a Zariya, wata ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe ta ce, "Malam, abin da nake ji wa Baba tsoro yanzu shi ne gyambon kwanciya. Ku nemi katifar iska, kuma ku riƙa juya shi duk bayan awa 2, dare da rana." Hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin dama ya shanye, ko gyara kwanciya ba ya iya yi da kansa. Washegari na shiga Sabon Gari wajen masu sayar da kayan asibiti na sayo.

Iri biyu na tarar. Akwai mai dogayen bututu a jere, ta fi kauri ta fi tsada. Akwai mai ƙulle-ƙulle kamar kiret ɗin ƙwai, ita muka iya saye. Tana zuwa da ɗan inji da ake ratayewa a ƙarshen gado, da tiyo biyu. Injin yana hura rabin ƙulle-ƙullen ya sassauta rabi, bayan 'yan mintoci ya musanya, ta yadda nauyin mutum ba zai daɗe a kan wuri guda ba. Dama abin da ke kawo gyambon ke nan: ƙashi ya danne fata da nama a kan shimfiɗa, jini ya kasa ratsawa, naman ya fara mutuwa, sau da yawa tun daga ciki. Haɗa ta bai ba ni wuya ba, cikin kamar rabin awa ta cika. A kan katifar soso ake shimfiɗa ta.

Ta yi mana aiki, wannan kam ba zan ɓoye ba. Bayan Baba da ƙugunsa da kafaɗunsa lafiya lau har ƙarshe. Barcinsa ma ya ƙaru, kuma ƙarar injin ba ta kai ta fanka ba.

Amma a wata na biyu muka yi sake. Ganin katifa na ta aikinta, sai muka rage juyin dare, daga sallar isha sai asuba. Wata safiya ina shafa masa man kaɗanya na ga dunduniyarsa ta dama ta yi duhu fiye da sauran fatar, tana ƙyalli, da na taɓa na ji ɗumi da tauri. A nan nake so masu jinya su tsaya. Takardun da ke zuwa da kayan nan suna cewa a lura da wurin da ya yi ja, alhali a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Duhu za ka gani, ko shuɗi-shuɗi, kuma hannunka zai riga idonka ganewa. Bayan kwana 4 wurin ya buɗe. Mako 7 muka yi ana wanke shi ana sa bandeji, kuma kuɗin da ya ci ya fi kuɗin katifar. Ma'aikacin jinyar da ke zuwa mana gida ya hana mu murza wurin, ya nuna mana yadda ake sa filo ƙarƙashin sha-raɓa dunduniya ta rataya ba ta taɓa komai ba. Ya ce idan an juya shi a karkata shi kaɗan a tokare da filo, kada a ɗora shi kacokan a kan ƙashin ƙugu. Ya kuma matsa a kan abinci: ƙwai, wake, nono, awara, gwargwadon abin da zai iya haɗiya.

Daga nan muka raba dare. Ni ƙarfe 12 da 2, ƙanena ƙarfe 4, Inna kuma daga asuba. Takan ce, "Ku je ku kwanta, ai ni na saba," sai mu ƙi.

Babbar matsalar katifar ita ce wuta. Da an ɗauke, iskar takan zurare a hankali, in ba ka lura ba ka tarar da mutum kwance a kan roba lafe. Abin daɗin shi ne injin ba ya cin wuta, watt 7 aka rubuta a jikin namu, don haka ƙaramar inbata da batirin sola sun riƙe shi har safe. Duk wanda zai saya a Zariya ya haɗa lissafinsa da wannan tun farko. Sai zafi. Roba ce, a watan Maris da Afrilu takan tara gumi, kuma damshi na saurin lalata fata. Zanen gado na auduga guda ɗaya muke shimfiɗawa, mu ja shi sumul ba tare da lanƙwasa ba, mu canza da ya jiƙe. Tara zannuwa da yawa a kanta yana kashe amfaninta. Sau ɗaya ta huje, tartsatsin garwashi daga kaskon turaren Inna, na liƙe da facin da ya zo a kwalin.

Wata dabara da aka koya mini: ka zura tafin hannu ƙarƙashinta daidai mazaunin majinyaci. In ka ji ƙashinsa a hannunka, iska ta yi kaɗan, ka ƙara a jikin injin.

Ina ba da shawarar a saya wa duk wanda jinya ta kwantar, tun makon farko, kafin fata ta buɗe, da sharaɗin juyin awa 2 yana nan daram. Wanda gyambonsa ya riga ya yi zurfi, a kai shi likita ya gani, a kuma tambaya ko mai bututun ce ta dace da shi.

Baba ya rasu a cikin azumi, Allah ya jiƙansa ya sa jinya ta zama kaffara. Ni da ƙaninsa muka yi masa wanka, babu rauni ko ɗaya a jikinsa sai ɗan tabon nan na dunduniya. Katifar mun wanke ta, yanzu tana Tudun Wada wajen wata gwaggon matata da ta karye a ƙugu, na kai musu har da batirin, na kuma tsaya na nuna wa 'yarta yadda ake sa filo a ƙarƙashin ƙafa.