RAMPS 1.4 ko SKR 1.4, Wanne Ya Dace da Firintar 3D?

Malam, ka tambaya wanne ya fi dacewa da firintar 3D tsakanin allunan sarrafawa biyu, RAMPS 1.4 da SKR 1.4. Ɗauki SKR 1.4, in da hali ma nau'in Turbo. Duka biyun na ɗora su a kan firinta ɗaya, ba ji na yi a bakin wani ba.

Daren da na gama haɗa SKR ɗina da direbobin TMC2209 guda huɗu (ƙananan allunan da ke juya injinan firintar), na ba da umarni kan firintar ya koma mazauninsa, sai na ga yana tafiya shiru. Har na sunkuya na kasa kunne, ba na jin komai sai fanka. Da can kuwa, a kan RAMPS, aikin awa goma na nufin ƙugin awa goma. Ƙwaƙwalwar Turbo ita ce LPC1769, mai bit 32 da gudun 120 MHz, shi kuwa RAMPS a kan Arduino Mega 2560 yake hawa, mai bit 8 da 16 MHz. A kan abu mai lanƙwasa ake ganin bambancin, domin ana yanka lanƙwasar zuwa gajerun layuka masu ɗimbin yawa. Idan ka ƙara gudu, Mega kan kasa lissafa su a kan lokaci, kan firinta ya riƙa tsattsayawa, ya bar ƙananan ƙuraje a jikin aikin. Tun da na canza allo ban sake ganinsu ba.

Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne saita ƙarfin wutar direbobi. A SKR, hular haɗi ɗaya za ka sa a ƙarƙashin kowane direba, sauran kuma lamba ce kake rubutawa a cikin Marlin, manhajar da ke tafiyar da allon. Sabunta manhajar ma sauƙi gare shi: ka kwafa firmware.bin a memori, ka saka, ka kunna. Idan sunan fayil ɗin ya koma FIRMWARE.CUR, ya shiga ke nan. Kuma volt 12 ko 24, duk yana karɓa.

RAMPS dai yana aiki, yana da araha, kuma da wuya ka gamu da matsalar da wani bai riga ya warware ba. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Direbobin A4988 da aka saba sa masa sai ka riƙe mitar auna wuta a hannu ɗaya, ƙaramar sukundireba a ɗayan, kana murɗa ɗan ƙanƙanin sukuru da wuta a jiki. Nawa kuma, wata rana na ji ƙaurin roba, na duba sai na tarar mahaɗin wutar farantin zafi, wanda ake buga aikin a kansa, ya narke ya yi baƙi. Tsarin RAMPS a buɗe yake, kowa na iya ƙera shi, ni kuma na faɗa hannun wanda ya yi shi da kayan banza.

Wajen haɗa wayoyi, ka kula da direba kafin ka danna shi: ƙafar da aka rubuta wa EN ta hau kan EN na allon, GND kan GND. In ka juya shi baibai, kunnawa ɗaya ta isa ta kashe shi. Kada ka taɓa zare wayar injin stefa, wato injin da direban ke juyawa, alhali da wuta, wannan ma yana ƙona direba. Wayoyin injin huɗu ne, biyu-biyu suke tafiya, mita za ta nuna maka waɗanda suke haɗe. Ga wani abu da ke rikita mutane a SKR 1.4: idan makunnan iyaka na gaske, waɗanda ke sanar da allon cewa kan firinta ya kai ƙarshe, za ka yi amfani da su tare da TMC2209, sai ka yanke ko ka lanƙwasa ƙafar DIAG ta direban, in ba haka ba makunnin ba zai yi aiki daidai ba. Wayoyi masu kauri da ake ɗaurewa da sukuru kuma kada ka shafa musu dalma, tana lotsawa a hankali har haɗin ya saki ya fara zafi. Matse musu hular ƙarfe. Sannan ka tabbata kariyar da ke kashe wuta idan zafi ya ƙwace tana kunne a Marlin.

Ka yi hattara da masu sayarwa, don akwai marasa tsoron Allah a harkar. Wani zai rubuta Turbo ya aiko maka da na gama-gari, wani ya ba ka TMC2208 da sunan 2209. Kafin ka biya, ka sa a ɗauko maka hoton allon daga kusa, ka karanta rubutun da ke jikin guntun da idonka. LPC1768 ba Turbo ba ne, 100 MHz yake yi. Ka kuma sayi direba biyar maimakon huɗu, ka ajiye ɗaya.