Buga Hatimi a Ƙaramin Ofishin Jakadanci: Abin da Na Tarar

A watan jiya na kai takardar shaidar digirina da ta aurena wani ƙaramin ofishin jakadanci domin a buga musu hatimi, saboda aikin koyarwa da na samu a wata ƙasar Larabawa. Da yake Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, wadda ta taƙaita wannan hidima zuwa hatimi guda, sai da takardar karatun ta bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, kafin ofishin ya karɓa.

Jami'in da ya duba takarduna ya cancanci yabo. Ya jera su kusa da fasfona, yana bin kowane suna da bakin alƙalami, har ya gano cewa sunan mahaifina ya bambanta da harafi ɗaya tak. Cikin ladabi ya ce, "Malam, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa, domin a can wannan harafin kaɗai zai iya hana ka izinin zama." Wallahi na ji daɗin wannan kulawa.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne, babu sanarwa ko ɗaya a ƙofa cewa sai an haɗa da fassarar Larabci daga amintaccen mai fassara, don haka na yi asarar yini guda da kuɗin mota. Kujerun jira ma sun yi kaɗan, har wata dattijuwa ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa ta zauna. Bayan kwana biyar na karɓi takarduna da hatiminsu da rasit.