Abin matse lemun nan na hannu, ga masu son yin kek da jus a gida

Masu ta tambayata a kan abin matse lemun nan na ƙarfe da ake tallansa a Instagram da status ɗin WhatsApp, wanda za ki ga an saka rabin lemu an danna ruwa ya zubo shar cikin kofi, to yana aiki kam, amma ba kamar yadda ake nunawa a bidiyon ba, kuma in don kek kaɗai kike son sayensa ki ɗan dakata tukuna.

Ga wadda ba ta taɓa ganinsa ba, abu ne na alminiyam mai kama da babbar filaya, hannu biyu ne, na ƙasa yana ɗauke da ɗan kofi mai bakin tsiyaya, a cikin kofin akwai ƙaramin kwando mai huji-huji da ake iya cirewa, na sama kuma shi ne ke danne lemun. Ni a wurin wata mai kayan kicin na saya, ta ɗora min gyaran wani siririn abin goga mai ƙananan haƙora, wanda a lokacin ko kallo bai ishe ni ba.

Abin da ya fi burge ni da shi ba ruwansa da wuta. Ko an kawo ko an ɗauke aikinki kike yi, ba ƙara ba tada janareto saboda kofi biyu na jus. Sannan ƙwallayen duk a kwandon suke tsayawa ba sai kin nemi rariya ba, kuma ba ya fasa su, wanda nan ne ya fi bilenda nesa ba kusa ba, don duk wadda ta taɓa markaɗa lemu a bilenda ta san ɗacin da ke biyo baya in wuƙar ta sari ƙwallo da farar fatar nan ta ciki. Lemu 3 zuwa 4 masu ruwa suna cika min kofin awo ɗaya na mil 240, da hannu kuwa sai kin ƙara ɗaya ko biyu kuma ga yatsu na zafi. Wankinsa ma ba wuya, ki ciro kwandon ki ɗauraye shi ke nan.

To amma lemun da suke talla da shi ba irin namu ba ne. Nasu ƙanana ne masu laushin ɓawo, namu da ake saukewa a kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano yawanci daga Binuwai yake zuwa, wajajen Gboko da Ushongo, kuma wani in kika raba shi biyu wallahi ba zai zauna a kofin ba, sai kin yanka gida huɗu, kin ga aikin ya ninku ke nan. Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce in kika saka shi da ɓawonsa kika danna har ƙarshe, man da ke jikin ɓawon da ruwan farar tsokar nan duk suna bi su shiga jus ɗin, sai ki ji yana kartar maƙogwaro, yara su kurɓa sau ɗaya su ajiye. Dabarar da na ga ta yi min ita ce ki fere shi sama-sama irin yadda masu sayar da lemu a bakin titi suke yi, ki bar farin, ki yanka, ki danna sau ɗaya a hankali, da kin ji ya fara tauri ki tsaya. Kar ki ce sai kin tatse ɗigon ƙarshe, a ɗigon ƙarshen ɗacin yake.

Akwai kuma ɗacin da ba laifin abin matsewar ba ne, don na ga mata suna ɗora masa. Lemun da ake ce wa Washington, wanda ke da cibiya a ƙasansa kuma kusan ba shi da ƙwallo, daɗin sha gare shi in an yanka, amma ruwansa in ya zauna yana komawa ɗaci saboda wani sinadari da ake kira limonin da yake fitowa bayan an matse, ko a firji kika saka ba zai hana ba. Shi ya sa za ki haɗa jus da la'asar zaƙi cau, kafin magariba ya juya. In na ajiyewa ne ki nemi Valencia ko Ibadan Sweet, masu lemun sun san su in kika tambaya, Washington kuwa a matse a sha nan take.

Sai alminiyam ɗin kansa. Ba ya shiri da tsami, in kika bar ruwan lemu ya kwana a ciki za ki tarar kofin ya dusashe ya yi baƙi-baƙi, nawa tun satin farko ƙyallin ya tafi duk da ina wankewa. Kar ki tara jus a cikinsa, ki riƙa juyewa a jug na roba ko na gilas, kuma kar ki goge shi da soson ƙarfe. Ƙusar da ta haɗa hannayen biyu ma ta fara lilo, ba ta fita ba dai amma ina jinta. Kuma gaskiya yana son ƙarfi, in na mutum biyar ko shida ne ba komai, amma mai yin na sayarwa ko na taron suna ta nemi babban nan mai tsayawa a kan tebur da ake jan mariƙinsa ƙasa, wannan zai kashe mata hannu.

Yanzu maganar kek, wadda ita ce ta sa yawancinku kuke tambaya. Ruwan lemu ba shi ne yake sa kek ƙamshin lemu ba. Ki zuba kofi guda cur a kwaɓi, in ya gasu ɗan tsami-tsami kawai za ki ji da laushi, ƙamshin ya bi iska, shi ya sa mutane suke komawa filebo na kwalba wanda ni kam ɗanɗanon maganin yara yake min. Ƙamshin yana cikin man da ke saman ɓawon, ɗan siririn wurin nan mai launi, kuma abin da ke fito da shi shi ne ɗan abin gogar da aka ba ni gyara. Haƙoransa ƙanana ne sosai, suna kankaro saman kawai ba sa kaiwa ga farin, saɓanin abin gogar kuɓewa da karas da yake haƙo har tsoka. In da za a ce in zaɓi ɗaya a cikin biyun don kek, abin gogar zan ɗauka ban ko waiwaya ba, ruwan da kek yake buƙata ai ko da hannu kin matse shi.

Kar koren ɓawo ya tsorata ki. Lemunmu yana nuna yana nan kore saboda sai dare ya yi sanyi sosai koren yake washewa, mu kuma inda ake noma shi ba a samun irin wannan sanyin, don haka kore ba ɗanye ba ne. Sai dai ɓawon kore sharr ya fi kaifi, ni na fi son wanda ya fara ja-ja ko ruwan ɗorawa, irin wanda ake samu da yawa lokacin hunturu in kakarsa ta kankama. Na waje da ake gani a manyan kantuna, na Masar da Afirka ta Kudu, launinsa ya fi kyau a ido amma yawanci an shafe shi da wani abu kamar kakin zuma don ya daɗe, sai kin wanke da ruwan ɗumi kin dirje sosai kafin ki goga. Namu ma dai a wanke, kin san ƙasa da hannun da ya bi.

Ga yadda nake nawa. Fulawa kofi 2, suga kofi 1, ƙwai 3, man gyaɗa marar wari rabin kofi, ruwan lemu kashi uku cikin huɗu na kofi, bekin foda ƙaramin cokali 2, gishiri ɗan kaɗan, da gogaggen ɓawon lemu 2. Ki goga ɓawon kafin ki yanka lemun, in kin riga kin matse ba zai gogu ba. Ki zuba shi a cikin sugan ki murtsuke da yatsunki har sugan ya ɗan jiƙe ya ɗauki ƙamshi, wannan matakin shi ne rabin aikin kuma mutane da yawa tsallake shi suke yi. Sai ki fasa ƙwai ki buga sosai har ya yi fari ya taso, ki zuba mai da ruwan lemu, ki tankaɗe fulawa da bekin foda a kai ki juya a hankali, da garin ya ɓace ki bar shi haka, yawan juyi yana sa shi tauri. Oben a 180, minti 40 zuwa 45, ki soka tsinke ki gani. Mai gashi a tukunya da yashi ko gishiri a ƙasa ta rage wuta sosai ta kuma yi a ƙananan gwangwanaye, don kwaɓin yana da ruwa, babba zai ƙone a ƙasa tsakiya bai gasu ba. Kuma ba a haɗa ruwan lemu da madara a kwano ɗaya a bar su, guntsewa take yi.

In kina son ya fito sosai, ki tafasa ruwan lemu rabin kofi da suga babban cokali 3 na 'yan mintuna, ki sossoke kek ɗin da tsinke tun yana da zafi ki zuba a kai ya shanye. A nan ne kaɗai ruwan yake nuna kansa a kek tunda bai shiga wutar gashi ba, kuma washegari ya fi daɗi. A tukunyar sitil za ki tafasa ba a ta dalma ba.

Wannan kek ɗin da ake yawo da shi a TikTok na jefa lemu ɗungurungum a bilenda har ɓawo kuwa, da lemu marar ƙwallo mai siririn ɓawo suke yi, in za ki gwada da namu ki cire farin da ƙwallayen tukuna ko kuma ki dafa lemun ki zubar da ruwan, in ba haka ba asarar ƙwai da fulawa za ki yi a wannan tsadar.

Inda abin matsewar ya ƙara min amfani shi ne kaza. Ruwan lemu 2, citta, tafarnuwa, masoro, ɗan yaji da magi, ki jiƙa ta ta samu awa biyu a firji sannan ki gasa, sugan da ke cikin ruwan yana sa fatar ta yi ja mai kyau, amma ki sa ido don saurin ƙonewa take. A zoɓo ma ina matsa biyu bayan ya huce in jefa ɗan ɓawo. Ragowar ɓawon da na fere kuma shanyawa nake, yana kama gawayi da wuri.

In za ki saya ki ɗaga ki ji nauyinsa, akwai wani marar nauyi da ake cewa yana lanƙwashewa, ki duba ƙusar ko mai noti ce da za a iya ɗaurewa, ki tabbatar kwandon yana fita, kuma in da hali ki tafi da lemu ɗaya a jaka ki gwada ko rabinsa zai zauna a kofin. Abin gogar kuma ki ce mai ƙananan haƙora kike so, ki shafa yatsa a hankali ki ji ko yana kamawa, don akwai wanda haƙoran ado ne kawai.