Yashin kogi ko baƙar ƙasar kanti: wanne za a ƙara wa akwatin jatan lande?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda ka ce jajayen jatan landen nan ne kake kiwo, akwatin gilashin da kake kiwonsu a ciki ya shekara, shimfiɗar ƙasansa ce ta yi kaɗan har saiwar ciyawa ba ta samun wurin kamawa, to ka ɗauki yashi. Ka bar baƙar ƙasar nan da ake talla.

Ni duka biyun na taɓa su da hannuna a nan Garwa ta Kamaru. Akwatina mai tsawon santimita 60 da faɗin 30 ne, yashin da ke ciki kuwa daga bakin kogin Binuwai na ɗebo shi da rani, lokacin da ruwa ya ja baya ya bar tudun yashi fari tas. Na tankaɗe shi da rariya na zubar da mai laushi kamar gari, na bar mai ɗan kauri. Na wanke a bokiti har ruwan ya daina yin fari, na tafasa, na shanya a rana. Shekara ta uku ke nan, bai canja min ruwa ba, bai ruguje ba. Da asuba idan na kunna fitila sai in ga ƙananan 'ya'yan jatan landen, da kyar ido ke kama su, suna tsintar abinci a tsakanin ƙwayoyin yashin. Yarinyata takan zauna ta ƙirga su kafin ta tafi makaranta. Abin da na kashe bai wuce kuɗin mai mashin ba.

Dalilin da ya sa yashi ya dace da naka shi ne, jajayen nan da ake kira Neocaridina ba su da tsirfa a kan ruwa. A ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH, suna rayuwa lafiya daga 6.5 har kusan 8. Abin da ba sa jurewa shi ne ruwa ya sauya musu farat ɗaya. Yashi mai kyau ba ya ƙara komai a ruwa, ba ya rage komai, don haka gidansu yana nan yadda suka saba da shi. Gwaji ɗaya kawai za ka yi: ka ɗebi kaɗan busasshe ka ɗiga masa binega. In ya yi kumfa, akwai dutsen farar ƙasa ko ɓawon katantanwa a ciki, zai ɗaga pH, ka nemi wani. Kuma kada ka ɗebo kusa da inda ruwan gonakin auduga ke gangarowa ko inda ake wanki. Tafasawa tana kashe ƙwari da ƙwayayensu, amma ba ta cire maganin feshi, jatan lande kuwa ɗan kaɗan ya ishe shi mutuwa.

Baƙar ƙasar, irin su ADA Amazonia da Fluval Stratum da kake gani a YouTube, tana da amfaninta ga masu kiwon Caridina, masu ratsin ja da fari, waɗanda ke son ruwa mai ɗan tsami ƙasa da pH 7, kuma ciyawa na sonta. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Aikinta shi ne ta saukar da pH, wasu nau'o'inta kuma suna sakin amoniya, wani sinadari mai guba ga jatan lande, na makonni a farko. A sabon akwati da babu kowa ciki wannan ba matsala ba ne. A akwatin da ke cike da masu ɗauke da ƙwai, ai kamar ka sauya musu gari ne cikin dare. Bayan shekara ɗaya zuwa biyu ƙarfinta ya ƙare, ta fara zama taɓo.

Ga abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Baƙar ƙasar da na saya, ta WhatsApp ce, daga wani mai sayarwa a kudu. Hoton da ya turo na buhun kamfani ne, abin da ya iso kuwa leda ce marar rubutu, wai ya raba babban buhu ne don sauƙi. Na zuba a ƙaramin akwati. Kwana uku na wayi gari na tarar da fiye da rabin jatan landen da ke ciki a kwance, har yau abin yana min ciwo. Akwai masu busar da tsohuwar ƙasar da ta gama aiki su sayar a matsayin sabuwa, akwai masu haɗa ta da ƙasar shuka mai taki. Haka tsakuwar nan mai launi-launi, wata fenti ne kawai aka shafa, yana saki a ruwa. Duk abin da ba a cikin buhunsa na asali a rufe yake ba, kada ka biya.

Sai yadda za ka zuba, don ko yashin ma yana iya yin ɓarna in aka yi gaggawa. Ƙananan halittun da ido ba ya gani, masu cinye dattin ruwa, suna zaune a cikin soson matatar ruwa da kuma saman tsohuwar shimfiɗa, can ne kuma jatan landen ke kiwo. In ka binne ta gaba ɗaya rana guda, ka rufe musu abinci, ka rage masu tsabtace ruwa. Ka raba ƙasan akwatin gida uku, kowane mako ka yi kashi ɗaya. Ka fara jefa ɗan dafaffen ganyen zogale a can ɗaya gefen, ka jira su taru. Sannan ka cika gorar roba da jiƙaƙƙen yashi, ka kifa ta har bakinta ya kusa taɓa ƙasa, yashin ya sauka a hankali. Kada ka watsa daga sama, kada kuma ka tone tsohuwar shimfiɗar, dattin shekara ne kwance a ƙarƙashinta.

Ƙarin santimita ɗaya a akwati irin nawa lita 1.8 ne, wajen kilo uku. Duka-duka kaurin kada ya wuce santimita 4 zuwa 5. In yashi mai laushi ya yi zurfi, iska ba ta ratsa shi, sai ka ji ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai.

A makonnin nan kada ka wanke soson matatar ruwa, ka rage abinci, in kana da abin gwajin amoniya ka duba bayan kowane zubi. In ka ga suna ta zagaye gilashi ba hutawa, ka canja kashi ɗaya cikin goma na ruwan da wanda ya kwana aka cire masa kilorin. Kuma in da hali ka yi aikin da sanyin hunturu. Zafinmu na Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yana rage iskar da ke cikin ruwa, amoniya kuma ta fi illa a ruwan ɗumi, balle a ɗauke wuta famfon iska ya tsaya.

In kana Garwa ka yi min magana ta gefe, ina da sauran wankakken yashi kusan rabin bokiti, ya ishe ka kashin farko.